Tarihin Yaƙi da Ƙuma, Daga Ruwan Kanwa Zuwa Fiya-Fiya

Wani dare cikin damina ina aikin kwana a ɗakin magani, sai wata ma'aikaciyar jinya ta shigo a guje daga sashen taimakon gaggawa tana neman allurar atirofin. An kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu, yawu na dalala daga bakinta, zufa ta jiƙa rigarta sharkaf, baƙin idonta ya tsuke kamar kan allura, ƙirjinta na kurari. Mahaifiyarta ta rantse yarinyar ba ta sha komai ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ashe ƙuma ne ya addabi kyanwar gidan har ya fara cizon yara a ƙafa, sai yayan yarinyar ya sayo fiya-fiya, ya tsiyaya a ruwa, ya yi wa kyanwar wanka. Da yarinyar ta ga kyanwar tana rawar ɗari, sai ta rungume ta, ta lulluɓa mata zanenta, suka kwanta tare. Kyanwar ba ta kai asuba ba. Yarinyar kuwa Allah ya yi da sauran kwananta, bayan kwana uku aka sallame ta.

Yaron nan bai yi don mugunta ba. Ya yi abin da ɗan'adam ya daɗe yana yi ne, wato ya ga ƙwaro, ya nemi guba mafi ƙarfi da hannunsa zai kai gare ta. Shi ya sa a wannan makon na ajiye tambayoyinku gefe, na ɗauko tarihi. Duk wanda ya bi labarin yaƙin mutum da ƙuma zai ga cewa kowace nasara da aka samu ta biyo bayan fahimtar yadda ƙwaron yake rayuwa ne, kuma duk lokacin da aka dogara ga ƙarfin guba kaɗai, an yi asarar da ta fi cizon ƙuma ciwo.

Zamanin zato

Ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan ƙuma da aka samu a rubuce yana cikin wani kundin likitanci na tsohuwar Masar, wanda ake kira Kundin Ebers. An rubuta shi wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma yau yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Leipzig a Jamus. Shawarar da ya bayar ita ce a yayyafa wa gida ruwan kanwa. Kanwar Masar 'yar'uwa ce ga wadda ake kawowa kasuwanninmu daga yankin Tafkin Chadi. Abin lura a nan shi ne, gidan aka ce a yayyafa wa, ba jikin dabba ba. Ko da gangan ko da katari, Misirawa sun dafa wata gaskiya da kimiyya ba ta tabbatar ba sai bayan dubban shekaru.

Masanin Girka Aristotal, wanda malaman Larabawa ke kira Arisɗo, ya koyar da cewa ƙuma daga ƙazanta da ruɓa yake tsirowa, ba shi da uwa ba shi da uba. Wannan zato ya yi kusan shekara 2,000 yana yawo. Wanda ya karya shi ba likita ba ne, wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girman abu. A 1693 ya bayyana yadda ya tara ƙwan ƙuma cikin 'yar kwalba, ya ga tsutsa ta fito, ta yi girma, ta saƙa wa kanta ƙunshi na zare, daga bisani cikakken ƙuma ya fito daga ciki. Matakai huɗu ke nan: ƙwai, tsutsa, ƙunshi, sai ƙuman da ke tsalle yana cizo. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Duk da haka mutane ba su ɗauki ƙuma a bakin komai ba, illa abin ƙaiƙayi da abin raha. A 1727 wani likitan Jamus, Franz Ernst Brückmann, ya bayyana wani tarkon ƙuma, ɗan bututu na hauren giwa mai huji-huji, da ake shafa wa cikinsa jini ko zuma a rataya a wuya ƙarƙashin tufafi. Manyan mutanen Turai na fama da 'yan tarkuna, ba su san cewa hakin da suka raina shi ne ya daɗe yana tsone musu ido ba.

Annobar kaluluwa

Tsakanin 1347 da 1351 wata annoba ta ratsa Turai da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Alamarta zazzaɓi mai zafi da kaluluwa mai girma a matsematsi ko hammata ko wuya. Ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. A Tunis ta ɗauke mahaifi da mahaifiyar Ibn Khaldun yana saurayi, tare da malamansa da dama. An zargi gurɓatacciyar iska, an zargi taurari, an zargi baƙi. Da ta sake ɓarkewa a Landan a 1665, hukumomin birnin suka ba da umarnin a karkashe karnuka da kyanwoyi, aka hallaka dubbai. Ba wanda ya waiwayi ɓera, balle ɗan ƙwaron da ke bayansa.

Asirin bai tonu ba sai da annobar ta sake tasowa daga kudancin ƙasar Sin, ta isa tashar jiragen ruwa ta Hon Kon a 1894. A can ne Alexandre Yersin, likita daga Cibiyar Pasteur, ya gano ƙwayar cutar a cikin kaluluwar mamata. Ya kuma same ta a jikin matattun ɓeraye. Saura tambaya ɗaya: ta ina take bi daga ɓera zuwa mutum? A 1896 cutar ta sauka Bombai, kuma kafin ta lafa ta kashe mutum fiye da miliyan 10 a Indiya.

Wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya lura da abubuwa biyu. Na farko, wasu majinyata na da ɗan ƙurji a ƙafa mai kama da wurin cizon ƙwaro, kuma cike yake da ƙwayar cutar. Na biyu, wanda ya ɗauki ɓeran da bai daɗe da mutuwa ba, jikinsa da sauran ɗumi, yakan kamu, amma wanda ya ɗauki gawar da ta kwana ta huce ba ya kamuwa. A watan Yuni na 1898, a wani masauki a birnin Karaci, ya sa ɓera mai cutar a cikin babban tulun gilashi, ya ƙara masa ƙuma da ya tsinto daga jikin wata kyanwa, sannan ya rataya lafiyayyen ɓera cikin kejin waya yadda ba za su taɓa juna ba. Na farkon ya mutu. Bayan 'yan kwanaki na biyun ma ya mutu da cutar. Ƙuma ya bar gawar da ta yi sanyi, ya haura zuwa jini mai ɗumi.

Manyan likitocin zamanin sun yi masa dariya. Sai da wasu masana biyu a Marsai suka maimaita gwajin a 1903, kwamitin binciken annoba na Indiya ya ƙara tabbatarwa, sannan aka sallama. A wannan shekara ta 1903 ne Charles Rothschild ya bayyana wa duniya nau'in ƙuman ɓeran da ya fi yaɗa cutar, wanda ya tsinto a Shandi, a bakin Kogin Nilu a Sudan. A 1914 kuma Bacot da Martin, a Cibiyar Lister ta Landan, suka nuna yadda abin ke faruwa. Ƙwayoyin cutar kan taru su toshe maƙogwaron ƙuman, jini ya kasa wucewa cikinsa, yunwa ta sa ya yi ta cizo babu ƙaƙƙautawa, yana amayar da cutar cikin duk wanda ya ciza.

Yammacin Afirka bai tsira ba. Jiragen ruwa sun kai cutar Akra a 1908, Dakar a 1914, Legas kuma a 1924, inda ta yi ta yi har 1931. Ita ce dalilin kafa hukumar raya birnin Legas a 1928, wadda ta rushe unguwanni masu cunkoso. Har gobe cutar ba ta ƙare ba: a 2017 ta kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, fiye da 200 suka rasu. Daga wannan tarihi ma'aikatan lafiya suka fitar da ƙa'idar da suke bi har yau, cewa idan annobar ta ɓulla, a fara kashe ƙuma kafin a kashe ɓera. In aka yi akasin haka, an raba ƙuma da abincinsa ne, an tura shi kan mutane.

Kada hankalin mai karatu ya tashi. Ƙuman da ke jikin kare da kyanwa a gidajenmu galibi wani nau'i ne daban, wanda ake kira ƙuman kyanwa, kuma ba gwani ba ne wajen yaɗa waccan annoba. Amma yana da nasa sharrin. Yana shan jinin 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa har ƙarancin jini ya kashe su, kuma a nahiyarmu yana yi wa 'yan awaki da 'yan tumaki haka. Yawunsa na jawo ƙaiƙayi da zubar gashi. Yana ɗauke da wata tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa, wadda ke shiga dabba, wani lokaci har ƙaramin yaro, idan aka haɗiye ƙuman. Shi ne kuma ke yaɗa ƙwayar cutar yakushin kyanwa tsakanin kyanwoyi, cutar da ke kumbura wa yara kaluluwa.

Zamanin guba

Da aka gane ƙuma abokin gaba ne, sai aka shiga neman makami. Na farko mai aiki garin wani fure ne mai suna fairetiram, wanda mutanen Farisa suka daɗe da sani. A ƙarni na 19 wani ɗan kasuwar Biyana, Johann Zacherl, ya yi arziki da sayar da shi a Turai, daga baya kuma Kenya ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Yana kayar da ƙwaro nan take, sai dai rana na lalata shi da wuri.

A 1939 Paul Müller, masanin sinadarai a Siwizalan, ya gano ƙarfin DDT. An barbaɗa shi a gidaje da ramukan ɓeraye da jikin dabbobi, har ya sami kyautar Nobel a 1948. Ba a yi shekara goma ana amfani da shi ba aka fara samun ƙuman da ba ya jin sa, ga shi kuma yana taruwa a kitsen dabbobi da mutane. A 1972 Amurka ta hana amfani da shi a gona.

Dangin guba na gaba ya fi muni asali. A 1936, Gerhard Schrader na neman maganin ƙwari a Jamus, sai ya faɗa kan wata guba da ta kusa kashe shi, wadda sojoji suka karɓe suka mai da ita makamin yaƙi. Daga wannan zuriya aka fitar da magungunan ƙwari masu sauƙi-sauƙi, ciki har da daikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. A shekarun 1960 aka fara cusa shi cikin roba ana yin abin wuyan kare da shi, yana fita kaɗan-kaɗan. Wannan daikulobos shi ne yawanci ƙashin bayan fiya-fiya, sai dai a nan babu awo, babu takarda, babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kwalbar.

Ga inda matsalar take. Jiki na da wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar, kamar mai kashe fitila bayan an gama karatu. Daikulobos na ɗaure wannan sinadari, sai saƙo ya yi ta gudana babu tsayawa: yawu, zufa, amai, gudawa, karkarwa, huhu ya cika da ruwa. Sinadarin nan kuwa yana jikin ƙuma, yana jikin kyanwa, yana jikin yaro, kuma gubar na ratsa fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a kasuwanni da kantuna saboda yawan rayukan da yake ci.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi kyanwa ita kaɗai. A farkon shekarun 1970 Michael Elliott da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila suka haɗa wani magani mai kwaikwayon garin furen nan, wanda rana ba ta saurin lalata shi. Shi da danginsa ake sa wa gidan sauro mai magani, kuma yana cikin magungunan ƙuma na karnuka da yawa. Kare na jure shi. Hantar kyanwa kuwa ba ta iya sarrafa shi da sauri, sai ya taru ya sa ta jijjiga har ta mutu. Sunansa a jikin kwali permethrin. Mai kyanwa ya haddace wannan rubutu.

Zamanin sani

Sauyi na gaskiya ya zo ne da aka koma kan tambayar Leeuwenhoek: yaya wannan ƙwaro yake rayuwa? An daɗe ana zaton ƙuma na hawa dabba ne ya sha jini ya sauka. A ƙarshen shekarun 1980 Michael Dryden, likitan dabbobi da ke bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya nuna cewa ƙuman kyanwa in ya hau ba ya sauka. A nan yake ci, a nan yake barbara, kuma macen na iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda dabbar ta kwanta. Tsutsar na ɓuya cikin ƙura da tsagar daɓe da ƙarƙashin tabarma, tana cin busasshen jinin da manyan ke kasayarwa. Ƙunshin kuwa magani ba ya ratsa shi sosai, kuma ƙuman da ke ciki na iya jira watanni har sai ya ji motsi ko ɗumin jiki. Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka saba bayarwa shi ne, abin da ido ke gani a jikin dabba bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sauran na cikin gida. An kuma gano tsutsar ba ta rayuwa idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 cikin 100. Wannan ne ya sa ƙuma ke tashe da damina, ya ja baya da hunturu, sai a lunguna masu laima.

Wannan sani ya haifi sababbin magunguna masu auna abin da ƙwaro ke da shi, dabba ba ta da shi, ko nata ya sha bamban. Lufenuron, da aka sayar da sunan Program a shekarun 1990, na hana ƙwai da tsutsa yin ɓawo, abin da mai shayarwa ba ya yi. Fifronil, da aka gano a Faransa a 1987 ya fito da sunan Frontline, da imidakulofirid na Advantage, sun fi kama jijiyar ƙwaro nesa ba kusa ba fiye da ta kare ko kyanwa. Ɗigo kaɗan a bayan wuya kan yi wata guda yana aiki. A 2013 da 2014 aka fito da ƙwayoyin taunawa irin su NexGard da Bravecto, na biyun na kai mako 12. Dabarar ita ce a mai da dabbar kanta tarko: duk ƙuman da ya ƙyanƙyashe ya hau, ya mutu kafin ya saka ƙwai.

Su ma ba a sake musu baki ɗaya ba. Fifronil na kashe zomo. A 2017 an janye miliyoyin ƙwan kaji daga kasuwannin Turai saboda an fesa shi ba bisa ƙa'ida ba a gidajen kaji na Holan da Beljiyam. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin taunawar kan jawo wa wasu dabbobi karkarwa ko farfaɗiya.

Abin da tarihin ya bar mana

Ka fara tabbatarwa. Taje dabbar a kan farin ƙyalle mai laima. In baƙin ɓurɓushin da ya zubo ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Je asibitin dabbobi a auna nauyinta a zaɓa mata magani mai lambar NAFDAC, domin da nauyi ake awon sa. Maganin kare ba ya zuwa jikin kyanwa, kuma na kare da kyanwa ba ya zuwa jikin kaza ko akuya ko ragon layya, waɗannan na da nasu. A yi wa duk karnuka da kyanwoyin gidan rana ɗaya, a ci gaba aƙalla wata uku ko da an daina ganin ƙuma, saboda waɗanda ke ƙunshe. A roƙi likitan ya haɗa da maganin tsutsar ciki. 'Yan jarirai da ba su kai mako takwas ba, mataji mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi sun fi musu aminci, sai in likita ya ce wani abu. A wanke shimfiɗar dabba da ruwan zafi duk mako a shanya a rana, a share lunguna da ƙarƙashin kujeru, a fitar da sharar daga gida, a toshe hanyar ɓera. Fiya-fiya da kalanzir da baƙin mai ba su da gurbi a jikin dabba.

In kuma tsautsayi ya faɗa, guba ta taɓa mutum, a tuɓe masa tufafin, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin na iya faɗawa huhu.

Ranar da aka sallami yarinyar, yayanta ne ya zo karɓar magani. Ya tsaya a taga yana sunkuyar da kai, ya ce, "Likita, wallahi tun da magen ta mutu cizon ƙaruwa ya yi. Jiya ba wanda ya yi barci a ɗakin Umma."

Na ce, "Ƙanena, waɗanda suka ƙyanƙyashe ne suka nemi magen suka rasa, suka dawo kanku." Abin da Simond ya gani a tulunsa a Karaci ke nan, ya maimaitu a tsakar gidansu. Na rubuta masa abin da zai yi da tsintsiya da tafasasshen ruwa da rana, na gaya masa zai ɗauki makonni kafin su ƙare. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko sauran fiya-fiyar da ke kan taga zai iya fesa ta a ɗakin. Na ce ya kawo mini kwalbar gobe, kuma kada ya bari ta kwana inda hannun ƙanwarsa zai kai.